Ƙofar Doka ƙofa ce, unguwa ce, shataletale ce: me ya sa wurare ke tarayya a suna ɗaya?

Tambaya: Wani ɗan kasuwa ya rubuto daga Gusau yana cewa: "Malam, na aika kaya Tudun Wada, ta Zariya nake nufi, direba ya je ya sauke a Tudun Wadan Kaduna. Da na zo da kaina aka ce mu haɗu a Ƙofar Doka, ina tsaye a bakin ƙofar ganuwa, mutumin yana can wajen shataletale yana jirana. Shin rashin tsari ne ya sa ake maimaita suna haka? Wanne ne na asali? Kuma me zai hana gwamnati ta canza sunayen kowa ya huta?"

Amsa: Alhaji, sannu da ɗawainiya, Allah ya sa kayan sun isa hannun mai su. Abubuwa biyu ne suka same ka, kuma kowanne da dalilinsa. Na Ƙofar Doka suna ɗaya ne ya bazu a kan abubuwa da yawa a wuri guda. Na Tudun Wada kuwa suna ɗaya ne ya bayyana a garuruwa daban-daban. Mu da muke aikin safiyo da tsara gari muna cin karo da su kullum, kuma ban ɗauki ko ɗaya a matsayin rashin tsari ba. Tsari ne, sai dai ba a ofis aka yi shi ba.

Mu fara da na cikin gida. Birnin Zariya ganuwa ce ta kewaye shi, kuma a zamanin da ba a shiga sai ta ƙofa: Ƙofar Doka, Ƙofar Kuyambana, Ƙofar Gayan, Ƙofar Kona, Ƙofar Bai, Ƙofar Galadima, Ƙofar Jatau, Ƙofar Kibo. Tun da kowa ta nan zai bi, hanyar da ta ratsa ƙofar sai ta ɗauki sunanta. Masu sayar da abinci da masu jiran fatake suka zauna a bakinta, gidaje suka taso ciki da waje, unguwa ta ɗauki sunan. Da mota ta zo aka yi mahaɗa, aka yi shataletale, aka yi wurin lodi, duk ba wanda ya ga dalilin neman wani sabon suna. Shi ya sa yau idan Bazazzagi ya ce maka yana Ƙofar Doka, bai faɗa maka inda yake tsaye ba, yankin kawai ya faɗa maka. Haka Ƙofar Gayan. Babban asibitin da ke can sunan Hajiya Gambo Sawaba yake ɗauke da shi a hukumance, amma ka tari ɗan acaɓa ka ce masa asibitin Ƙofar Gayan, ba zai sake tambayarka komai ba.

To idan kana son sanin na asali a irin wannan, ka tambayi kanka wanne ne ya fi daɗewa a wurin. Kusan kullum shi ne mai sunan, sauran aro suka yi. Ƙofa ta girmi kwalta. Rafi kuma ya girmi kowa, kuma a nan maganar gada take shigowa. Kubanni ya taso ta wajen Samaru, ya gangaro ya raba Tudun Wada da ɓangaren PZ da Sabon Gari, sannan ya faɗa Galma. Gadar da ake haurawa tsakanin Tudun Wada da PZ ana ce mata gadar Kubanni, madatsar ruwan da ke cikin Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru ma Kubanni ake ce mata, alhali tsakaninsu tafiya ce ta shiga mota. Ba gadar ce ta ba madatsar suna ba, ba kuma madatsar ce ta ba gadar ba. Dukansu daga rafin suka samu. Galma ma haka: kogi ne, gadar da ke hanyar Jos ta ɗauki sunansa. Kogin Kaduna kuwa ya ba gari suna, garin ya ba jiha. Ba kasafai za ka ga mutane sun kira gada da wani suna nata na kanta ba, ko da hukuma ta manna allo, domin mai tafiya abin da ya dame shi shi ne ruwan da zai haure ko wurin da zai sauka.

Kwangila ta ɗan bambanta. Can mahaɗa ce ta tara komai: babbar hanyar Kaduna zuwa Kano ta haye ta sama, titin Sakkwato ya wuce ta ƙasa zuwa Samaru, ga tasha, ga 'yan tireda, ga unguwa. Duk Kwangila. Shi ya sa mazauna wurin suke ƙara wani abu da bakinsu, su ce kan gada, ko ƙarƙashin gada, ko cikin tasha. Baƙo ne kawai yake tsayawa a "Kwangila" ya yi shiru.

Akwai kuma wuraren da ma'aikata ce ta zo ta ba su suna, har sunan ya fi ƙarfinta. PZ kamfanin Paterson Zochonis ne, ɗaya daga cikin kamfanonin Turawa da suka kafa kanti kusa da tashar jirgin ƙasa. Yau yaro zai ce maka za shi PZ sayen waya, bai taɓa jin sunan kamfanin ba. Gaskiya kamfanin ɗab'i ne da aka kafa a 1945, wanda ya ci gaba da buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a 1939. Yanzu titi ne, unguwa ce. Kwalejin koyon tuƙin jirgin sama da aka kafa a 1964 ta sa wani yanki na Palladan ya koma Aviation a bakin kowa. MTD ofishin 'yan sandan kula da motoci ne, ya zama sunan mahaɗa. Irin wannan suna ba ya tashi idan mai shi ya tashi. Babban asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello ya koma Shika, amma a Tudun Wada har gobe ana kwatance da titin asibiti.

Yanzu ga wanda ya ɓatar maka da kaya. Tudun Wada da Sabon Gari ba haɗuwar sa'a ba ce ta sa suke ko'ina. Tsari ɗaya ne aka yi ta maimaitawa. Turawa sun kama Zariya a 1902, layin dogo daga Baro ya ratsa ta nan ya isa Kano a 1911, aka ja ƙaramin layi zuwa ƙasar Jos saboda kuza, daga baya aka ja wani zuwa wajenku, ya bi ta Gusau ya tsaya a Kaura Namoda a 1929. Zariya ta zama mahaɗar jiragen ƙasa, ta cika da akawu da leburori da 'yan kasuwa daga Kudu da sauran sassan Arewa. Turawa ba su so baƙin nan su shiga birni ba. Sai suka raba zama: birni na 'yan gari ƙarƙashin sarki da alƙali, Tudun Wada a wajen ganuwa domin 'yan Arewa da ba 'yan garin ba, Sabon Gari kusa da tasha, inda mutanen Kudu suka fi taruwa, ko da yake Hausawa ma sun zauna a cikinsa tun farko, su kuma Turawan suka keɓe kansu a GRA. Dokar garuruwa ta 1917 ta ƙara ɗaure wannan rabon. Duk garin da jirgi ko ofishin Turawa ya kawo wa baƙi, sai a yi masa irin wannan yanka, sunan kuma ya biyo. Shi ya sa ga Sabon Gari a Kano, ga shi a Zariya, ga shi a Gusau. Ga Tudun Wada a Zariya, Kaduna, Kano, Jos, Gombe, Sakkwato, da can garinku. Jihar Kano ma tana da ƙaramar hukuma sukutum mai suna Tudun Wada, wadda ake rarrabe ta da cewa Tudun Wadan Dankadai.

Don haka tambayar wanne ne na asali ba ta da amfani sosai a nan. Ba wanda ya kwaikwayi wani gari don sha'awa. Sunan aiki ne, yana gaya maka irin mutanen da aka fara zaunar a wurin. Abin da zai tabbatar maka da haka shi ne yadda lamarin ya juye a ƙasar Yarbawa. A Ibadan, unguwar Sabo da aka kafa a 1916 ta Hausawa ce, 'yan goro da 'yan shanu. A Shagamu da Ile-Ife ma Sabo unguwar Hausawa ce. Wato a Zariya idan ka ce Sabon Gari ana tunanin Inyamurai da Yarbawa, a Ibadan idan ka ce Sabo ana tunanin mu. A Gana kuwa tsohon sunan zamanin fatake ne ya zauna, Zango, har akwai Sabon Zango a Ankara, babban birnin ƙasar, mu kuma muna da Zangon Shanu a nan kusa da Samaru, ga Zangon Kataf, ga Zangon Daura.

Wani abin da ke ƙara rikita baƙo shi ne hukuma takan ɗauki sunan unguwa ta faɗaɗa shi. Sabon Gari unguwa ce, kasuwa ce, sannan ƙaramar hukuma ce. Samaru, Basawa, Bomo, Hanwa, Dogarawa, Muciya, Cikaji, duk a takarda Sabon Gari suke. Ɗalibin da ke zaune a Samaru zai shiga bas yana jin kwandasta na kiran "Sabo! Sabo!", ya biya kuɗi don a kai shi Sabon Gari, alhali a katin zaɓensa tun da ya tashi da safe a Sabon Gari yake. Tudun Wada kuwa, da ke maƙwabtaka da ita, ƙaramar hukumar Zariya take. Asibitin Shika da kowa ke cewa na Zariya, a ƙaramar hukumar Giwa yake zaune.

Tituna masu sunan gari su ma iri biyu ne, kuma ya kamata matafiyi ya san bambancin. Akwai wanda aka ba shi sunan inda ya nufa. Titin Sakkwato a Zariya, ka bi shi ka wuce Samaru, ka wuce Giwa, Funtuwa, Gusau, zai kai ka Sakkwato. Hanyar da mu muke kira hanyar Kano, Kanawa titin Zariya suke ce mata, a kanta Asibitin Koyarwa na Aminu Kano yake. A Jos ma akwai titin Zariya. Kwalta ɗaya ce, kowa ya kira ta da garin da ke ɗaya bakin. Akwai kuma wanda sunan ado ne kawai na masu yanka filaye. A tsakiyar Kaduna akwai Kano Road, Katsina Road, Jos Road, Lagos Street, Ibadan Street, ba wanda zai kai ka garin da ya ambata. Sabon Garin Zariya ma yana da nasa Lagos Street da Benin Street. Wanda ya bi Kano Road ta Kaduna da niyyar zuwa Kano, a kasuwa zai tsinci kansa.

Cikin birni kuma sarauta da sana'a da itace ne suke raba suna. Duk masarautar da ke da Galadima tana da wurin da Galadima yake zaune, shi ya sa muke da Ƙofar Galadima, Kano take da Galadanci. Ƙofar Wambai tana Kano, tana Bauci. Kaura unguwa ce a birnin Zariya, Ƙofar Kaura tana Katsina, ƙaramar hukumar Kaura tana kudancin Kaduna, ga Kaura Namoda a Zamfara. Ba lalle ne dukansu tushe ɗaya ba, kuma ina gargaɗin masu saurin cewa tun da suna ya zo ɗaya to dangi ne. Wani lokacin dangi ne, wani lokacin kowa da inda ya samo nasa. Maƙera tana Kaduna, tana Funtuwa, tana Sakkwato, domin babu garin da ya rayu ba maƙeri. Zariya garin rimaye ne, muna da Rimin Tsiwa da Rimin Doko. Kaduna tana da Unguwar Rimi, Kano tana da kasuwar Rimi da Rimin Gado, Katsina tana da ƙaramar hukumar Rimi. Ka lura da abin da magabata suka yi: da suka ga rimi ya yi yawa, sai suka ƙara wa kowanne abin da zai bambanta shi. Maganin da muke nema a ofis yau, sun riga sun yi shi da baki.

Wurin da suna ya yi tafiya da ƙafarsa da gaske, labarin Zazzau ne da kansa. Lokacin jihadi, da Malam Musa ya karɓi birnin, Sarki Muhammadu Makau ya fita da jama'arsa ya yi kudu zuwa ƙasar Zuba. Ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa gari a 1828, aka kira shi Abuja. Ba su bar sarautarsu a baya ba, har yau sarkin can Sarkin Zazzau ake ce masa, kuma za ka tarar da unguwar Magajiya a can kamar yadda take a nan. Sannan a 1976, zamanin Janar Murtala, da aka yanke shawarar gina sabon babban birnin tarayya, aka ɗauki sunan Abuja aka ba shi, tsohon garin ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Ka ga gari ɗaya ya riƙe sunan da ya taho da shi daga Zariya, ya kuma rasa sunan da ya raɗa wa kansa. Wanda ya karanta tsohuwar takarda ta kafin 1976 ya ga an rubuta Abuja, Suleja ake nufi. Nasarawa ma tana da irin wannan tarko: tsohon garin da Makama Dogo ya kafa ƙarƙashin Zazzau, jihar da aka ƙirƙira a 1996 wadda hedikwatarta Lafiya ce ba Nasarawa ba, sannan Nasarawar Kano mai ƙofa da gidan sarki da ƙaramar hukuma, da wata unguwar a Kaduna.

Kada kuma ka ɗauka mu kaɗai ne. Alhazai sun san Babus Salam tana Masallacin Makka, tana Masallacin Madina, kuma Kuba masallaci ne, unguwa ce, titi ne. 'Yan kasuwarmu masu zuwa Istanbul sun san Galata gada ce, hasumiya ce, unguwa ce. A Landan, London Bridge gada ce, tashar jirgi ce, yanki ne. Gadar da aka buɗe a 1831 ma an sayar da ita a 1968 ga wani attajirin Amurka, aka kwashe duwatsunta aka sake harhaɗa ta a jihar Arizona a 1971, aka gina wata a Landan aka buɗe a 1973 da sunan nan dai. Yanzu gada biyu ke amsa shi a nahiya biyu, kuma Turawan ba su canza ko ɗaya ba.

Maganar canza suna kuwa, a doka aikin ƙaramar hukuma ne. Jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya ba ta ikon sa wa tituna suna da ba gidaje lamba. Amma ni ban goyi bayan a taɓa tsofaffin sunaye ba, kuma dalilina na aiki ne. Na farko, idan aka canza, sunan mutum ake sawa, sunayen manyan kuma su ne suka fi kowanne maimaituwa. Titin Ahmadu Bello yana Kaduna, Legas, Abuja, Jos, Sakkwato. Bayan kisan Murtala ranar 13 ga Fabrairu 1976, sunansa ya hau filin jirgin Legas, asibiti a Kano, dandali a Kaduna, tituna a Kano da Jos da Legas, da babbar gadar kogin Kwara a Jamata kan hanyar Lokoja. Sun cancanta, ba a nan gardamar take ba. Sai dai wanda yake neman rage ruɗani ba zai same shi ta wannan hanyar ba. Na biyu, mutane ba sa sakin tsohon suna, sai wuri ya koma yana da biyu, na allo da na baki, wasiƙa ta bi ɗaya, ɗan acaɓa ya bi ɗaya. Na uku, Limancin Kona ko Unguwar Alƙali ko Babban Gwani suna gaya maka wanda ya zauna a wurin. Babban Gwani laƙabin Malam Mika'ilu ne, maginin da ya gina Masallacin Juma'a na Zariya zamanin Sarki Abdulkarimu. Ka goge wannan ka sa sunan wani shugaban ƙaramar hukuma, me aka ƙaru da shi?

Inda hukuma ya kamata ta sa hannu shi ne sababbin unguwannin da ke tasowa a bayan gari, waɗanda kowacce Sabuwar Unguwa ce, ko Sabon Layi, ko Hayi, ko Bayan Gidan Mai, ko Lokos. Su ne ainihin ciwon kai, domin a cikin gari ɗaya za ka sami uku ko huɗu, kuma ba su daɗe ba balle a ce an goge tarihi.

Kai kuma a naka ɓangaren, idan za ka ba direba kaya, fara rubuta sunan gari da manyan baƙi a jikin buhun, sannan unguwa, sannan wata alama da ba ta da biyu a wurin, sannan lambar wayar mai karɓa. Zariya tukuna, kafin Tudun Wada. Ɗan kamasho gari yake ji, ba unguwa ba. Idan ta gidan waya ne, lambar Zariya da 810 take farawa, ta Kaduna da 800, ta Kano da 700. Idan a taswirar waya kake nema, ka tuna Zazzagawa ba sa cewa Ƙofar, Ƙofan suke cewa, kuma Anguwan suke cewa a maimakon Unguwar. Masu shigar da sunaye a intanet kowa yadda ya ji yake rubutawa, sai ka ga Kofar Doka da Kofan Doka, Unguwar Juma da Anguwan Juma da Ungwan Juma, kamar wurare daban-daban. Idan ɗaya bai fito ba, gwada ɗayan.

Inda abin ya wuce ɓatan kaya shi ne cinikin fili. Tsofaffin takardun da ake rubutawa gaban mai unguwa sau da yawa ba su wuce "fili ɗaya a Sabuwar Unguwa, ƙafa hamsin da ɗari" ba, sai sa hannun shaidu. Shekara ashirin bayan haka shaidun sun rasu, unguwar ta ninka, an sami wata Sabuwar Unguwar a gabanta, magada biyu kowa riƙe da takarda suna gaban alƙali. Idan za ka sayi fili a nan, a rubuta unguwa, gunduma, ƙaramar hukuma da jiha. A rubuta maƙwabtan gabas, yamma, kudu da arewa da sunayensu. A kira safiyo ya kafa duwatsun iyaka, ya ɗauki lambobin wurin da na'ura, a haɗa zanen da takardar. Sannan a kai KADGIS, hukumar da ke rajistar filaye a Jihar Kaduna, a nemi takardar mallaka, kuma kafin ka biya ko sisi ka sa a duba maka ko wani ya riga ya yi rajistar wannan filin da wani sunan unguwar daban.